Gona, Murhu da Madatsa: Ina Muryar Talaka a Manufofin Noma da Makamashi?

A ofisoshin gwamnati, noma ma'aikatarsa daban, muhalli daban, wutar lantarki da man fetur daban, ruwa ma daban. Kowace da ministanta da kasafinta da taronta na shekara. A ƙauye babu wannan rabe-raben. Dubi karan dawa ko na gero bayan girbi. Shi ne abincin shanu da rani, shi ne dangar gida, shi ne rufin rumfa, kuma in itace ya yi tsada shi uwargida za ta tura a murhu ta tuƙa tuwon dare. In an bar shi kwance a gona, ya tare ƙasa kada iskar hunturu ta kwashe ta, gara ta ci shi ya koma taki. In an kwashe shi ƙaf an ƙone, gona ta yi wata bakwai a tsirara, baɗi amfani ya ragu. Ke nan farashin gas da kananzir a birni yana da hannu a yawan damin da manomi zai ɗaure, ko da ba wanda ya rubuta haka a takardar manufa.

Wanda ya san wannan haɗin ciki da bai shi ne mai riƙe da fartanya da mai hura wuta da mai kora garke. Amma su ne na ƙarshe da ake tuntuɓa, in ma an tuntuɓe su. Ra'ayina shi ne wannan rashin tuntuɓar yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ƙasarmu ta noma take gajiya, kuma tarihin shekara hamsin da suka wuce a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar ya ba mu shaida isasshiya, mai ɗaci da mai daɗi.

Mu fara da mai ɗacin. Bayan farin da ya gallabi yankin Sahel a farkon shekarun 1970, kuɗin mai kuma ya cika baitulmali, gwamnatin soja ta Najeriya ta ɗauka cewa maganin yunwa shi ne manyan madatsun ruwa. Aka kafa hukumomin raya koguna, aka ba kamfanin Impresit na Italiya aikin madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, aka kammala ta a 1978. Tafkin da ya taru ya cinye garuruwa da gonaki, dubban mutane suka tashi, har da mutanen tsohon garin Maradun. Waɗanda ke cikin filin ban-ruwa kuwa an karɓe gonakinsu don a baje ƙasa a ja magudanai, aka tuge itatuwan da suka gada, suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. Diyya ta zo a makare, ba ta kai ba, wasu ma ba ta kai gare su ba sam. Manoma suka kai kuka ba a ji ba, daga baya suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Mutanen wurin da masu binciken da suka bi sawun lamarin sun ce ɗaruruwa ne.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan labari shi ne ƙanƙantar abin da manoman suka nema. Ba su ce a rushe madatsa ba. Sun ce a biya su, a mai da musu gonakinsu, a bar su su shuka abin da za su ci. Ƙasa da madatsar kuma akwai wasu dubbai da ba a ma sa su a lissafi ba, wato manoman fadama da masunta da rayuwarsu ta dogara da ambaliyar kogi ta kowace shekara. Da aka tare ruwan, ambaliya ta ragu, shinkafar fadama ta ragu, kifi ya yi ƙaranci. Babu injiniyan da ya yi nufin haka. Amma da an zauna da sarkin ruwa ko sarkin noma na garuruwan da ke bakin kogin kafin a zuba siminti, da sun faɗa.

Kusan haka ya faru a gabas, sai dai can ba da bindiga ba, a hankali abin ya ci mutane. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a saman kogin da ke gangarawa Haɗeja. Kafin nan, kogin yakan cika da damina ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya janye da kaka. Wannan cika da janyewa ita ce arzikin yankin: shinkafa in ruwa ya zo, kifi yana cikinsa, in ya janye a shuka wake da alkama da kayan lambu a danshi, makiyaya su sami ciyawa har ƙarshen rani. Madatsun suka mai da kogin mai gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, ba cika sosai, ba bushewa sosai. Wannan yanayi ne ciyawar kachala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ya kwanta a gonakin wasu shekara da shekaru, wasu rassan kogin kuma suka ƙafe. Tsuntsayen jan-baki suka sami masauki a cikinta, suna fitowa su faɗa wa gero da shinkafa. A farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, sun auna amfanin da ake samu daga ruwa a dausayin da wanda ake samu daga ruwa daidai wannan a aikin ban-ruwa na Kadawa, suka tarar na dausayin ya ninka sau da yawa. Ba a ga wannan arzikin a takarda ba ne saboda na talakawa ne, ba ya bi ta ofis.

A nan dai jama'a sun ɗan sami bakin magana daga baya. Ƙauyuka sun riƙa yin gayya suna shiga ruwa da lauje da adda suna buɗe hanyoyin da kachala ta toshe. Ƙorafin mutanen Yobe da Borno yana cikin abin da ya hana kammala madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne babban reshen da ya rage ba a tare ba. A 2006 gwamnonin jihohin da kogin ya ratsa suka amince a Damaturu da tsarin raba ruwan tare da kafa asusu na musamman. An yi abin kirki, amma bai isa ba, don har yau mutumin Guri ko na Nguru ba shi da ta cewa a kan ranar da za a saki ruwan Tiga.

Labarin da ya cancanci a daɗe a kansa yana ƙetaren iyaka, a jihohin Maraɗi da Damagaram. A farkon shekarun 1980 gonakin wannan yanki sun kusa zama fili fetal. Iska takan binne shuka da rairayi, manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku a damina guda. Mata suna tafiya mai nisa neman itace, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi mai yawa a kan gandun renon itace, ana dasa dalbejiya da turare, mafi yawansu ba su kai shekara ba.

Me ya kawo wannan tsiraici? Fari yana ciki, yawan jama'a yana ciki, amma akwai doka. Tun dokar gandun daji ta Turawan Faransa ta 1935, wadda dokar Nijar ta 1974 ta gaji ruhinta, itatuwa masu daraja irin su gawo na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka suka tsiro. Ka sare reshe ba izini, malamin daji ya ci ka tara. Sakamakon haka, manomi mai wayo in ya ga ɗan gawo ya tsiro sai ya tuge shi tun yana ƙarami, kafin ya zama masa dalilin shiga hannun hukuma. Ga kuma koyarwar malaman gona ta wancan lokaci, cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Dokar da aka yi don kare itace ita ta mai da shi abokin gaba. Alhali a wannan yankin ne tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo, saboda kowa ya san amfaninsa: yana zubar da ganye da damina lokacin da gero ke son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke son inuwa, 'ya'yansa abincin awaki ne, kuma hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na sauran gona kyau.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan manyan itatuwa da saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba dashe ake buƙata ba, reno ake buƙata. Aikin ba shi da wuya. Manomi ya zo kan kututturen sabara ko kalgo ko geza mai toho goma sha, ya zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu ƙananan rassa na ƙasa da kaifaffen gatari, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Abin da ya sare ya kai gida a yi girki. Tunda tsohuwar saiwa ce mai zurfi ke shayar da tohon, cikin shekara biyu zuwa uku ya fi tsawon mutum. Wannan shi ake kira sassabin zamani. Babu sayen iri, babu ban-ruwa, babu jiran motar gwamnati.

Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa aikin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare, akasarin mutane suka sare nasu. Wannan darasi ne da masu shirya ayyuka ya kamata su riƙe, cewa abin da aka yi don buhu yakan ƙare tare da buhun. Amma waɗanda suka bar nasu, duk da dariyar da ake musu cewa gonarsu ta ragwaye ce, sun ga bambanci. Iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki, ga na sayarwa, ga ganyen dabbobi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya ma manoma da kansu suka koma ga renon gawo da kuka ba tare da wani babban aiki ya zo musu ba.

Abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne sassautowar hannun hukuma. A watan Mayu na 1984 aka yi babbar mahawarar ƙasa a Maraɗi a kan kwararowar hamada, inda aka yarda cewa yaƙin ba zai ciwu ba sai da jama'a. Faɗuwar kuɗin yuraniyom da rikicin siyasar da ya biyo bayan rasuwar Shugaba Seyni Kountché a 1987 sun rage ƙarfin malaman daji a ƙauyuka. Manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu, doka kuma ta biyo su a baya: kundin dokokin karkara na 1993, dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar watan Yuli na 2020 da ta fito fili ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi a tsakiyar shekarun 2000, suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi da ya kai tan dubu 500 a shekara. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun 1980, ya kuma taimaka. Amma ruwan bai san iyakar gona ba, ga shi ana ganin gona mai itace hamsin kusa da wadda ba ta da ko biyar. A wannan tsakani kuma yawan mutanen Nijar ya tashi daga kusan miliyan 6 a 1980 zuwa fiye da miliyan 25 a yau. Mutane sun ƙaru, itace ya ƙaru.

Haƙƙin mallaka kaɗai bai isa ba, domin itacen da ka rena da rana wani zai iya sare shi da dare. A nan ne aikin jama'a na ainihi ya shigo. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, da wasu da dama da suka bi sawunsa, gari yakan taru ya zaɓi kwamitin sa ido, a sa mata a ciki, a sa wakilin makiyaya. A tsara doka a bainar jama'a: yaushe ake sassabe, wane reshe ya halatta baƙo ya sara wa dabbarsa, nawa ne tarar wanda aka kama. Matasa su riƙa zagaya gonaki, kuɗin tara ya shiga asusun gari. Malamin daji da ake gudu a da ya koma mai ba da shawara da mara wa kwamiti baya in lamari ya fi ƙarfinsa.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Duk lokacin da aka ce abu ya zama na wani, to an ce ba na wani ba ne. Matar da ba ta da gona, wadda a da take shiga ko'ina ta tsinci itace, yanzu sai ta roƙa ko ta saya. Bafulatanin da kakanninsa ke sassabo ganyen gawo wa shanu a kan hanyarsu yana iya tarar da kwamiti a gabansa. Yankin Maraɗi ya san abin da rikicin manomi da makiyayi ke haifarwa, don a nan ne aka yi kisan Toda a 1991, inda fiye da mutum ɗari suka hallaka, akasarinsu mata da yara na Fulani. Shi ya sa sa makiyayi a kwamiti tun farko yake da nauyi ƙwarai. Nijar ta yi shekaru tana tattaunawa da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN kafin ta fitar da dokar kiwo ta 2010 da ta amince da haƙƙin yawon kiwo. A Najeriya akwai dokar makiyayu ta Jihar Arewa tun 1965, amma burtali da makiyaya da dama sun zama gonaki, wasu na manyan mutane, ba tare da an zauna da kowa ba. Duk wanda ya san Zamfara da Katsina a yau ya san wannan yana cikin tushen wutar da ke ci. Taron da aka gayyaci masu gona kaɗai, aka bar mata da makiyaya da 'yan ƙodago a waje, rabin taro ne.

Daga itacen gona zuwa murhu taki ɗaya ne. In ana maganar makamashi a jarida, fetur da lantarki ake nufi. Amma makamashin da yawancin gidajen ƙasar Hausa suka dogara da shi kullum shi ne itace da gawayi. Mutane sun fita titi a kan fetur a watan Janairu na 2012 har gwamnati ta rage farashi daga naira 141 zuwa 97. Sun sake fita a watan Agusta na 2024 a kan yunwa da tsadar rayuwa, bayan cire tallafin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023. Amma ba a cika jin ƙungiya ta tsaya a kan abin da mace ke shaƙa a madafi ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum fiye da miliyan 3 a duniya kowace shekara. Da gas ya yi tsada, gidaje da yawa a Kano da Kaduna da suka fara saba da tukunyar gas sun ajiye ta sun koma gawayi, motoci kuma suka ƙara nausawa daji. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta a 2024. Sai dai matan da za su yi girkin su ne ya kamata su gwada murhun su ce ko tukunyar tuwon gida mai mutum ashirin za ta zauna a kansa. An sha raba murhun zamani da ya ƙare a bayan ɗaki saboda ba a yi wannan tambayar ba.

Hana saran itace da baki ba ya aiki muddin ba a ba mutane abin da za su dafa abinci da shi ba. Nijar ta gwada wata hanya tun dokar 1992, wato kasuwannin itace na karkara. Maimakon dillalin birni ya sayi takardar izini a ofis ya shiga dajin ƙauye ya kwashe, sai aka ba ƙauyen ikon dajinsa: su ke sara bisa ƙa'idar da aka auna, su ke sayarwa, wani kaso na harajin ya zauna a garin. Tsarin ya gamu da matsaloli, an sami wuraren da aka wuce ƙa'ida, an sami shugabannin da suka ci amana. Duk da haka tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne, kuma akwai shaida a gida da ke mara masa baya. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi a kewayen Kano a shekarun 1980 ya nuna cewa gonakin da ke kusa da birni, inda jama'a suka fi yawa, ba su rasa itatuwansu ba duk da ƙishirwar itacen da birnin ke yi. Ɗorawa da kuka da tsamiya da rimi suna nan saboda kowannensu da mai shi. Dajin da ba na kowa ba, can nesa, shi ake ƙarar da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin ya kamata a sake duban yadda ake tafiyar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kimanin hekta miliyan 4 aka cim ma a yankin da aka shata. Najeriya ta kafa hukumar shirin a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. Dashe yana da wurinsa, musamman inda ƙasa ta mutu har ba sauran saiwa, kuma layukan dalbejiya da aka fara dasawa a kwarin Majiya na jihar Tawa a 1975 sun nuna ana iya yi. Amma a auna nasara da yawan itacen da ke raye bayan shekara uku, kuma tun ranar dashe a san sunan wanda zai ci amfaninsa. In an ba ɗan kwangila aikin dasa dubu ɗari aka biya shi ranar da ya dasa, to ba shi da dalilin dawowa da rani ya kori akuya.

Sababbin tambayoyi suna tafe, kuma suna zuwa da sauri. Tsadar fetur ta sa manoman rani da dama sun koma injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Alheri ne babba. Amma injin da ba ya shan mai ba ya sa mai shi ya yi tattalin ruwa, kuma ruwan ƙarƙashin fadama na kowa ne. In masu fadama ɗaya ba su zauna sun yi wa kansu ƙa'ida ba, mai zurfin rijiya zai shanye na maƙwabcinsa. Haka batun irin da aka sauya wa halitta, kamar waken da aka saki a 2019 da masarar Tela da aka saki a farkon 2024, waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta yi aikinsu. Muhawarar ta fi zafi a Abuja da Facebook da WhatsApp, masu goyon baya da masu adawa kowa da Turancinsa, manomin da zai shuka kuwa jita-jita ce ta fi isa gare shi. Yana da haƙƙin a zo dandalin garinsu a yi masa bayani da Hausa: me irin ke yi, me ba ya yi, wa ke sayar da shi, nawa ne, kuma ina makomar irin gado da ya adana a rumbu.

Ƙofofin shiga suna nan, ko da an bar su sun yi tsatsa. Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta a baje rahoton babban aiki jama'a su gani su yi ƙorafi kafin a amince. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, abin da ke nufin ana iya yanke shawarar ƙananan tashoshin hasken rana a Dutse ko Katsina maimakon Abuja. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi ya tafi gare su kai tsaye. Amma rahoto mai shafi ɗari uku da Turanci, a ajiye a ofishin sakatariya, bai kai ga mutumin ƙauye ba. Aikin 'yan boko na gari ke nan, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da gidajen rediyo, da malaman da ke hawa mumbari ranar Juma'a: su karanta, su fassara, su tara mutane tun aikin yana takarda.

Kirana na farko ga majalisun dokokin jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Yobe da Borno ne. Dokokin gandun daji na jihohi da dama sun samo asali ne daga na mulkin mallaka. A ɗauko su a duba, a kira manoma da makiyaya da mata masu sana'ar itace su yi magana, sannan a rubuta ƙarara cewa itacen da mutum ya rena a gonarsa nasa ne, kuma gari yana da ikon kafa kwamitin da zai kare shi. Kai kuma mai karatu, in kana da gona ko ta gado ce a ƙauye, kafin sassaben bana ka je ka duba kututturan da ke cikinta. Ka yi magana da mai unguwa da arɗon da ke kusa da ku, ku sa ranar zama. Daga Jibiya zuwa Maraɗi ba nisa, ƙungiyar manoman garinku za ta iya tura mutum biyu su je su gani da idonsu su dawo su koya wa saura.